Yaron da Zuciyarsa Ta Karkata Daban: Tambayoyi da Amsoshi kan Damuwa, Riƙon Zuciya da Neman Magani a Maraɗi

Akwai yara a gidajenmu, daga Bagalam zuwa Zariya, daga Tibiri zuwa Madarumfa, waɗanda suka shiga shekarun balaga suka tarar zuciyarsu na karkata ga jinsinsu, ko ga jinsi biyun duka. Ba su da wanda za su faɗa wa. In sun je likita, abin da ke kai su ciwon kai ne, ko rashin barci, ko faɗuwar gaba, ko kuma uwa ta gaji da ganin abinci na dawowa ba a taɓa ba. Tambayoyin nan irin waɗanda iyaye da malaman lakwal da ma'aikatan lafiya da su kansu yaran ke yi ne, galibi da murya ƙasa-ƙasa. Na amsa su da abu guda a raina: yaron nan ya rayu, kuma ya rayu da hankalinsa lafiya.

Su wa ake nufi? Ba ƴan luwaɗi da ƴan maɗigo kuke nufi ba?

Waɗannan kalmomi suna nuni ne ga aiki, kuma a bakin mutane zagi ne. Yaro ɗan shekara 14 ko 16 da muke magana a kansa, sau da yawa bai aikata komai ba. Abu ne yake ji a ransa, bai gayyato shi ba, kuma ya fi kowa tsorata da shi. Wani ma bai tabbatar da abin da yake ji ba tukuna. Wani kuwa tafiyarsa ce ko muryarsa ta sa aka laƙaba masa "ɗan daudu" tun yana firamare, alhali ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke zuciyarsa. Duk su nake nufi.

Ciwon taɓin hankali ne?

A'a. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi ranar 17 ga Mayu 1990. Abin da ake yi wa magani shi ne ciwon damuwa, da fargaba, da cutar da kai, da shaye-shaye, waɗanda ke kama irin waɗannan yara fiye da sauran sa'o'insu.

In ba ciwo ba ne, me ya sa damuwa ta fi kama su?

Dama shekarun balaga masu wuya ne ga kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na ƴan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai ja wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A kan wannan ne yaron namu ke ɗora wani kaya na daban.

Wani masani mai suna Ilan Meyer ya fayyace kayan nan a 2003. Akwai na waje: tsokana, duka, kora. Akwai na ciki, kuma su suka fi cin rai: zaman jiran ranar da asiri zai tonu, aikin ɓoyewa dare da rana, da kuma yarda da zagin da ake yi har yaro ya fara ƙyamar kansa. Ka ɗauki saurayin da ke zaune a fada da yamma, ana zuba shayi, hira ta juya kan "irin mutanen nan", wani ya ce da shi ne da ya ƙone su. Dole ya yi dariya tare da kowa. Yana lura da yadda ya ajiye hannunsa, da yadda ya riƙe kofi, da kowace kalma kafin ta fito. Ya tashi daga wurin da abokansa suka huta, shi kuwa a gajiye kamar wanda ya wuni yana ɗaukar kaya a Babbar Kasuwa.

Mark Hatzenbuehler da abokan aikinsa sun bi wasu ɗalibai a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun gano cewa yaran da ke jin sha'awar jinsinsu sun fi yawan saƙe-saƙe, kuma sun fi wahalar gane abin da suke ji, kuma ta wannan hanya ce damuwa ke shigarsu. Wannan labari ne mai ɗan daɗi a wurina, domin ba za mu canza bakin gari cikin dare ɗaya ba, amma saƙe-saƙe abu ne da ake iya koya wa yaro yadda zai rage shi.

Mene ne sarrafa motsin rai? Ba haƙurin da muka sani ba ne?

Sarrafa motsin rai shi ne mutum ya gane abin da ya taso masa, tsoro ne ko kunya ko fushi, ya iya rage zafinsa, sannan ya zaɓi abin da zai yi, maimakon zuciya ta zaɓa masa. Haƙuri na gaskiya yana cikin wannan. Amma mu kan kira abu biyu da suna ɗaya. Akwai haƙurin mutumin da ya san yana jin zafi, ya faɗa wa Ubangijinsa da wanda ya amince da shi, ya ci gaba da rayuwa. Akwai kuma haɗiyewa: a bar ta ciki na ciki, fuska a sake, ciki na tafasa.

James Gross, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya gwada wannan tun wajen 1998. Wanda ya danne abin da yake ji, fuskarsa kan lafa, amma baƙin cikin bai ragu ba, jikinsa ma sai ya ƙara tashi. Wanda kuwa ya sake duban lamarin ta wata fuska tun kafin ya kai wuya, shi ne ke samun sauƙi na gaskiya. Mu da aka rena da kunya da kara mun ƙware a dannewa, kuma tana da amfaninta a zaman tare. Matsalar yaron nan ita ce ba shi da wurin da zai sauke, ko da sau ɗaya a mako.

Annabi Yaƙub (AS) ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, kuma duk da haka idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, ya ce yana kai kukansa ga Allah. Ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

Ni ne yaron. Da dare ƙirjina kan cika, in ji kamar zan mutu. Me zan yi a lokacin?

Ƙanena, ko ƙanwata, fara da jiki, domin a wannan lokaci tunani ba ya jin magana. Ɗebi ruwan randa mai sanyi a kwano, ka riƙe numfashi, ka tsoma fuskarka na ɗan lokaci, ko ka ɗora tsumma mai sanyi a kan idanu da kumatu. Sanyin kan sa bugun zuciya ya sauka. (In kana da ciwon zuciya, bar wannan.) Sannan ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko takwas, ka yi ta yi har minti biyar. Fitar numfashin ya fi shigarsa tsawo, nan sirrin yake. Abin da aka koya mana game da fushi ma hanyarsa ke nan: in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kwanta, ka yi alwala.

In jiki ya ɗan lafa, ba abin suna. Kada ka tsaya a "raina ya ɓaci". Ka ce: tsoro nake ji kada Baba ya sani. Ko: kunya nake ji saboda abin da aka faɗa a aji. Binciken da Matthew Lieberman ya yi da hoton ƙwaƙwalwa a 2007 ya nuna cewa ambaton sunan abin da ake ji na rage tashin sashen da ke kaɗa ƙararrawar tsoro.

Saura saƙe-saƙe. Tambayar "me ya sa ni?" ba ta da ƙarshe, saƙa da warwara ce har asuba. Sauya ta da "me zan yi gobe da safe?" Ka ware minti 15 da rana don damuwa, in ta zo da dare ka ce mata ta jira lokacinta. Da farko ba za ta ji ba, amma da maimaici tana koyo. Ka ajiye salula nesa da shimfiɗa. Kada ka daina ƙwallo, ko zuwa shagon ɗinki, ko taya Inna aiki, ko da ba ka jin daɗinsu yanzu. Ciwon damuwa yana son ɗaki mai duhu da mutum shi kaɗai.

Abu ɗaya kuma: tramol da ƙwayoyin barci na masu talla za su ba ka hutun dare guda, su karɓe maka shekaru.

Na ga wasu saƙonni a wayar ɗana. Tun ranar ban runtsa ba. Me zan ce masa?

Hajiya, sannu. Abin da kike ji, tsoro ne da kunya da tunanin ko ke kika yi sake a tarbiyya. Ba ke kika jawo ba. Kada ki yi magana a ranar da jininki ke tafasa, kada kuma ki tara dangi. Maganar da ta fita daga ɗaki ba ta komawa, kuma a gari irin namu tana iya jawo wa yaro duka ko abin da ya fi duka.

Ga abin da nake so ki sani kafin ki buɗe baki. Caitlin Ryan da abokan aikinta a Kalifoniya sun wallafa bincike a 2009 kan matasan da suka girma da irin wannan hali. Waɗanda gidajensu suka yi musu tsananin ƙi sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu, kusan sau 6 wajen ciwon damuwa mai tsanani, fiye da sau 3 wajen shan miyagun ƙwayoyi. Da wa aka kwatanta su? Da waɗanda aka yi musu ƙi kaɗan ko ba a yi ba. Wato ba sai kin sauya aƙidarki ba kafin ki ceci ɗanki. Rage zagi, hana yayyensa dukansa, barinsa ya ci abinci cikin ƴan'uwansa, duk suna rage haɗarin.

In kin samu natsuwa, ki kira shi ke da shi, ki ce: "Na ga kana cikin damuwa. Kai ɗana ne, ba abin da zai sa in yar da kai. Me ke damunka?" Sai ki yi shiru. Wataƙila ba zai ce komai ba a ranar. Ya dai ji cewa ƙofa a buɗe take. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka iyayenmu suka ce, kuma ba su ce sai in ruɓewar ta yi maka daɗi ba.

Ni uba ne, kuma addinina ya haramta wannan. Kuna so in ce halal ne?

Alhaji, ba fatawa nake bayarwa ba, kuma ban nemi ka bar abin da ka yi imani da shi ba. Amma addinin da ya yi maganar aiki, shi ne ya ce Allah ya yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ko suka furta ba. Shi ne ya ce wanda ya rufa asirin Musulmi, Allah zai rufa nasa. Shi ne ya ɗora maka amanar ran yaron nan. Yaron da aka kora daga gida ba masallaci yake tafiya ba, tasha yake tafiya, inda masu cin zarafin yara ke jiransa. Da yawa cikin yaran nan sun fi sa'o'insu yawan sallar dare da kuka, suna ganin Allah ya tsane su. In ka ƙara musu da cewa kai ma ka tsane su, me ya rage musu?

In aka yi masa aure, ko aka kai shi ruƙiyya ko gidan mari, ba zai canza ba?

Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciyar mai imani, kuma ba na hana kowa. Abin da nake hanawa shi ne duka, ɗauri, horon yunwa, hayaƙi, da tilasta wa yaro ya amsa cewa aljani ne a kansa. A 2019 ƴan sanda sun buɗe irin gidajen nan a Kaduna da Katsina da Daura, nan kusa da mu, suka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabo a baya. Wanda ya ga hotunan ba zai kira wannan gyaran hali ba.

Turawa ma sun gwada nasu, da sunan magani, shekaru da dama. Likita Robert Spitzer, wanda ya wallafa bincike a 2003 yana cewa wasu na canzawa, ya fito a 2012 ya janye, ya nemi gafara. Babbar ƙungiyar Kirista da ta shahara da wannan aiki a Amurka, Exodus International, ta rufe kanta a 2013. Abin da yaro ke koya a irin wannan wuri shi ne ƙarya mai kyau, da ƙarin ƙyamar kansa.

Aure kuwa, a ƙasarmu Nijar, inda binciken 2012 ya nuna kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ke aure kafin shekara 18, shi ne abin da ke fara zuwa ran iyaye, musamman in ƴa mace ce. Ina roƙonku kada ku yi. Yarinyar da ke cikin ciwon damuwa, aka ɗauke ta daga lakwal aka kai ta ɗakin da ba ta so, an ƙara mata ciwo ne, an kuma jawo wani bawan Allah cikin wahalar da bai san tushenta ba.

To wane irin magani ne ke aiki?

Mafi yawansa magana ce, amma magana mai tsari. Akwai wanda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, likitoci na kiransa CBT, masu Faransanci TCC. Ana koya wa yaro ya kama tunanin da ke zuwa masa da kansa, irin "ni ƙazami ne" ko "kowa ya gane ni", ya auna shi da hujja. Ƙwararren mai ba da shawara ba zai ce masa tsoronsa duka ƙarya ne ba, domin wani tsoron gaskiya ne. Zai taimake shi ya rarrabe haɗarin gaske, wanda ke buƙatar dabara, da hukuncin da yake yanke wa kansa, wanda ke buƙatar a sassauta.

Akwai kuma na Marsha Linehan, DBT, wanda aka tsara don masu cutar da kansu. Yana koyar da abu huɗu: hankalta da halin da ake ciki, jure tsananin tashin hankali ba tare da an ƙara ɓata lamari ba, sarrafa motsin rai, da iya zama da mutane. Dabarar ruwan sanyi daga nan ta fito. A tsarin matasa, iyaye ma kan zauna a koya musu tare.

Kada a ce sai ƙasar da ke da likitoci birjik. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu ciwon da suke kira "yawan tunani", kuma gwaji ya nuna yana aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2008 take da shirin mhGAP, don ma'aikacin ƙaramin asibiti ya iya gane ciwon damuwa ya fara taimako.

Ƙwaya fa?

Ba ita ce farko ba ga matashi. In ciwon ya yi tsanani kuma magana ba ta wadatar ba, likita na iya rubuta fuluwoksetin, wadda takan ɗauki makonni kafin a ga amfaninta. A makonnin farko dole a sa ido sosai, domin wasu matasa tunanin mutuwa kan ƙaru musu kafin sauƙi ya zo. Babba ne zai riƙe maganin, yana ba da na kowace rana. Ba a daina shi kwatsam, ba a kuma saye a tebur. Babu ƙwayar da ke sauya wanda zuciya ke so.

Ina za mu je a Maraɗi? Dole ne in faɗi sirrina?

A fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a gaya wa majo, shi zai tura babban asibitin jiha ko asibitin Référence, a nemi sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In lamarin ya fi ƙarfin nan, akwai sashen da aka fi sani da Pavillon E a babban asibitin ƙasa na Yamai.

Ba dole ba ne ka faɗi komai a zuwan farko. Ka ce: ba na barci, ba na cin abinci, ina yawan tunani, wani lokaci ina jin gara in mutu. Wannan ya isa a fara taimakonka. Ka lura da mutumin: yana saurare ko wa'azi yake yi? Ka tambaye shi kai tsaye me zai gaya wa iyayenka, me kuma zai rubuta a takarda. Riƙe sirrin mara lafiya wajibi ne a kan ma'aikacin lafiya, sai in rai na cikin haɗari, kuma ko a nan abin da ake faɗa shi ne haɗarin. Yin taka-tsantsan ba rashin gaskiya ba ne. A Najeriya akwai dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya, mai ɗaurin da ya kai shekara 14, a nan gida ma hukumomi sun tsaurara matsayi a ƴan shekarun nan. Haka kuma a intanet: kada ka aika hotonka ga wanda ba ka sani ba a Facebook ko WhatsApp, kada ka je inda baƙo ya kira ka. Masu tarko da karɓar kuɗin rufin baki da irin tsoronka suke ci.

Ga ƴan'uwana ma'aikatan lafiya: yaron da ya faɗa maka wannan, ransa ya ɗora a tafin hannunka. Kada ya zama labarin ɗakin gadi.

Ta yaya zan gane cewa ransa na cikin haɗari?

In ya fara cewa "kun kusa hutawa da ni", ko yana rabar da kayansa, yana neman gafarar mutane ba dalili, ko an ga yanka ko ƙuna a hannunsa, ko ya yi wani irin sanyi bayan dogon tashin hankali. Lokaci mafi haɗari shi ne kwanakin da asiri ya tonu, ko aka yi masa barazanar tonawa.

Tambaye shi ƙarara: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa ko a fara jero masa azabar lahira. A kwashe maganin ƙwari na gona, da na ɓera, da duk ƙwayoyin gida, a kulle su a wani wuri. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne, kuma mu gidajen manoma ne. Irin wannan yunƙuri sau da yawa na ɗan lokaci ne, in abin bai kusa ba sai guguwar ta wuce. A kai shi asibiti a ranar. In ya riga ya sha wani abu, kada a sa shi amai, kada a ba shi madara ko manja, a ɗauki kwalbar a tafi da ita, ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Wani babba ne ya taɓa ni tun ina ƙarami. Shi ya mai da ni haka?

Abin da aka yi maka zalunci ne, laifin kuma nasa ne shi kaɗai, ko da ya ba ka kuɗi, ko da ba ka yi ihu ba. Cin zarafi daban, karkatar zuciya daban: akwai waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa jin sha'awar jinsinsu ba, akwai masu ji da ba wanda ya taɓa su. In har yanzu yana yi, ka gaya wa babban da ka amince da shi yau, ku je asibiti. In abin bai wuce awa 72 ba, akwai maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau. Raunin da ya bari a zuciya ma yana da magani, kuma ba a makara.

Ni malamin lakwal ne. Akwai yaron da ake tsokana a ajina. Me zan iya?

Hana tsokanar a take, duk lokacin da ka ji ta, kamar yadda za ka hana kowane zagi, ba tare da ka mai da yaron abin kallo ba. Kada ka tambaye shi ko gaskiya ne, kada ka kira iyayensa da zargi. Sauya masa wurin zama in ya so, ba shi wani aiki da zai riƙa kawo maka, ka tambaye shi karatu da jiki. In ya fara fashin zuwa ko makinsa ya zube ana dab da jarrabawar BEPC, je ka gidansu ka tambayi lafiyarsa.